Kurar Roba da Buhun Albasa

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kawo ni daga unguwar Adjamé zuwa gidan kakata Iya a unguwar Biafra, kujeru 'yan tsugunno ne huɗu a gefen murhun gawayi, uku a kife. Na 'ya'yan Kawu Sani ne, ƙanin mahaifiyata. Da an sallame magariba sai su sulale ɗakin maƙwabta kallon talabijin. Hausar Iya ta yi musu nauyi, Faransanci ya fi zama a bakinsu. Ni kaɗai nake zama jin tatsuniyarta, ni kuwa ba mai magana ba ce. Ko "ta zo mu ji ta" a ciki nake faɗa.

"Ba a yi wa bango tatsuniya," in ji Iya wata rana tana fifita garwashi. "Azumi na kamawa zan rufe bakina, shi ke nan."

Wadda na fi so ita ce ta kurar da ta tuba. Wai kura ta je wurin mahauci ta ce ta daina sata, ya ɗauke ta gadi. Bai kore ta ba, bai kuma ba ta gadin nama ba. Buhun albasa ya ajiye mata. Ta zauna kusa da shi hawaye na zuba, masu wucewa suna cewa, "Allah sarki, wannan tuban gaske ne." Yabon ya yi yawa har kunya ta hana ta taɓa ko ƙashi, sai wanda mahaucin ya jefa mata da yamma.

Kawu, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa, ya taɓa sayo wa yaransa ledar 'yan mutanen roba a gwanjo, irin waɗanda ake harhaɗawa da ƙananan bulo. Shi ya nuna mini a wayarsa cewa in ka ɗauki hoto, ka matsa ɗan mutum kaɗan, ka sake ɗauka, ƙarshe sai a ga yana tafiya. Na yi tunanin in kura ta shiga waya, watakila yaran su dawo.

Babu kura a ledar. Wani kare na samu na ɗiga masa baƙin biro. Mahaucin kuwa hular 'yan kwana-kwana ce a kansa, ta ƙi cirewa. Jan bulo ya zama nama, gyaɗa ta zama albasa, sau biyu kaza tana cinye min ita. Wayar ba ta gani sai da hasken rana, don haka ranakun da Kawu ke hutu nake durƙusawa bayan randa ina aiki, ina raɗa maganar kura a hankali.

A nan Iya ta kama ni.

"Ke 'yar nan! Tatsuniya da rana tsaka? So kike ki ɓace a kasuwar Adjamé a yi ta cigiyarki?"

Na ce hoton ne ba ya fita da duhu. Ta tsaya tana duban karen, ta taɓe baki.

"To, motsa 'yan tsanarki, amma ki kulle bakinki. Magana ta jira magariba."

Shi ya sa fim ɗin ya fito bebe. Wani abokin Kawu ya haɗa hotunan a shagon intanet, aka jingina wayar a jikin buta, yara suka taru don waya, ba don Iya ba. Ta gyara murya ta fara. Ba ta ko kai kura bakin kasuwa ba fim ya ƙare.

"Au! Har ta gama? Wannan kurar gbaka ta hau?"

Gbaka su ne ƙananan motocin hayarmu masu gudun tsiya. Yara suka kwashe da dariya har ƙaramarsu, Ramatu, ta faɗi. Ta tashi ta dubi Iya, wadda suke kira Mémé da Faransanci, ta ce, "Mémé, me ya sa shi yana kuka?"

Na zaci Iya za ta gyara mata Hausar. Sai kawai ta ce, "Zauna ki ji." Aka maido fim ɗin, Kawu yana tsayar da shi, Iya tana cike abin da hoto bai faɗa ba. Azumi ya zo ya wuce, ba ta rufe bakin ba.

Da ina ƙarama, wayon mahaucin nake gani, yadda ya tsare namansa. Sai da na girma na gane tausayi ne: ya ba kura abin da za ta iya riƙewa. Haka Iya ta yi wa Ramatu da karyayyar Hausarta, haka ta yi mini da ba ta taɓa tilasta ni buɗe baki gaban mutane ba.

Ni na buɗe shi da kaina ranar da aka kalli fim ɗin, bayan yara sun watse, Iya tana kwashe toka.

"Iya," na ce, "ki koya mini muryar kurar nan."