Lambar da Afa Iddi ya rubuta a tafina

Da safen nan ina shan koko sai ga saƙo a waya: Afa Iddi, wato Malam Iddi, na unguwar Kukuo ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yaran yanzu manomi kuka san shi. Ni akawu na san shi.

A shekarun da Ghana ta samu 'yancin kai, akwai wani kamfanin hayar mota kusa da babbar kasuwa, motoci uku kacal, a ba ka har da direba. Kai, mutanen nan sun iya yanka! Da fara'a za a tarbe ka, a ce farashi ba komai, sai ka dawo ka ji kuɗin jira, kuɗin wanki, kuɗin gargadar hanya. Babbar cutar kuwa a mitar mota take, mai ƙirga nisan tafiya. Da mil ake biya, mu kuma ba mu iya karanta lambar boko ba. Abin da mai kamfani ya ce ka ci, shi ka ci.

Afa Iddi ne akawunsu. Kafin mota ta tashi sai ya leƙa mita, ya kama hannunka, ya rubuta maka lambar a tafin hannu da lambobin Larabci, waɗanda duk wanda ya yi makarantar allo ya sani.

Ni lokacin sabon tela ne a Sabonjida. Mma, mahaifiyata, ta kwanta ciwo a Yendi, dole in ɗauko ta zuwa asibiti. Na je hayar mota, suka ce sai na ajiye jingina. Na ajiye keken ɗinkina, wanda ba ni da wata hanyar abinci sai shi.

To ni da wautata, Azahar ta yi a hanya, na tsaya na yi alwala. Fes! Lamba ta tafi.

Da muka dawo, mai kamfani ya kalli tafina ya yi murmushi, ya faɗi mil ɗin da ko Kumasi na je ban ci su ba. Ya ce in ban biya ba, keke ya zama nasa.

Sai Afa Iddi ya miƙe ya ce, "Maigida, ba daga nan mita ta fara ba." Ya faɗi lambar gaskiya a gaban mutane, direba ya ce haka ne. Na ɗauki kekena a ka na tafi.

Tun daga nan muka ƙulla. Duk kaka sai ya aiko mini da sabuwar masara.

Amma abin ya daɗe yana ba ni mamaki. Mutane nawa yake rubuta wa, yaya aka yi ya riƙe tawa? Sai watan jiya da na je gaishe shi na tambaya. Ya yi dariya har da tari.

"Tela, ai na san ku. Ba wanda lambarsa ke wuce Azahar. A cikin hulata nake rubuta ta biyu."

Na ce to ta hannun fa, amfanin me?

"Wannan don maigida ya gani ne, ya ji tsoro."

Tambaya ɗaya ce ban taɓa yi ba: me ya raba shi da akawu ya koma gona? Na ɗauka son noma ne.

Ɗazu da muka dawo daga maƙabarta, babbar 'yarsa ta gaya mini abin da uwarta ta gaya mata. A ranar da ya tsaya mini aka kore shi, aka fitar da su daga ɗakin kamfani, ita 'yar tana goye. Ya kuma ja wa gidan kunne kada tela ya ji.

Duk Sallah wurina yake ɗinki, ni kuma ina karɓar kuɗinsa cif, har ina masa tsiya wai ya cika ciniki. Kunya ta hana ni ɗaga kai a gidan nan yau.

Allah ya jiƙanka, Afa. Allah ya haskaka kabarinka, ya biya ka abin da ban san na ci ba.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne. Ni ma ku roƙa mini gafara.