Malam Yahuza, Maƙerin Jirgin Ruwan Takur

Kafin masu shayin unguwar Takur ta Dutse su gama hura wuta, Malam Yahuza ya share gaban garejinsa, ya jera gudumominsa a kan buhu daga babba zuwa ƙarama. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Fanel bita ne, mai miƙe jikin motar da ta lotse, kuma in hira kake nema gara ka ƙarasa wurin mai faci. A ƙarshen watan nan zai ajiye guduma, don kafaɗa ta ce ta gaji. Bai kamata a bar shi ya tafi gida shiru ba, yadda ya saba yin komai.

Direbobin Garki suna da labaransa cike da baki, amma aikin bara ya isa shaida. Malama Ruwaida, wata ma'aikaciyar jinya daga Jahun, ta sa aka jawo masa tsohuwar mota mai ɗakin kwana a ciki, irin ta injiniyoyin titi, har kaji sun yi ƙwai a kan gadon. Mahaifinta, Baba Idirisu, ya yi shekara talatin yana kuku a jiragen ruwan dakon kaya. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki ya daina fita, magana ta koma "to" da "a'a", abinci ma sai da lallashi. Likita ya ce ƙafar za ta iya tashi, mai ƙafar ne ba ya so.

"Baba, so nake ka mayar mini da ita jirgin ruwa," in ji Ruwaida ga Malam Yahuza. "Ko zai yarda ya shiga, mu riƙa kai shi wurin dangi."

"'Yata, ni fa ruwan da na sani bai wuce na kududdufi ba. Amma bar ta mu gani."

Da hotunan waya ya yi aikin. Ya tsine gaban motar, ya yanka tagogi masu zagaye, ya kewaye rufin da shingen ƙarfe, ya shafa fenti fari da shuɗi. Masu wucewa suka samu abin yi, kullum sai an tambaye shi yaushe teku za ta iso Dutse.

Bayan wata biyu aka kawo Baba Idirisu a keken marasa lafiya, aka ɗaga shi aka shigar. Ya dubi tagogi da gado. Sai idonsa ya faɗa kan wurin girki, inda risho ke zaune a kan tebur sumul, ga kantar ajiye kayan girki a shafe, ba abin tare kaya a gefenta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Malam Yahuza.

"A ina ka taɓa ganin kanta ba baki a jirgi? Igiyar ruwa ɗaya, miyar tana jikinka. Tukunya ma sai an yi mata shinge."

Kuskure ne na gaske, irin na mutumin da ƙasa ba ta taɓa motsi a ƙarƙashinsa ba. Amma Malam Yahuza ya lura da fuskar Ruwaida, wadda rabonta da jin doguwar magana daga bakin mahaifinta wata takwas ke nan. Ya sosa ƙeya.

"Ban gane ba, Baba. Sai dai ka dawo gobe ka nuna mini."

Ya gane sarai. Daga ranar, kullum aka kawo tsohon sai ya tarar da sabon shirme: yau maratayin kofuna a juye, gobe ƙofar kabad ba sakata. Mutumin da ba ya barin mota ta fita da lotsa ko kamar ta ƙwayar gero, shi ne ya tsaya ana kiransa ɗan koyo a gaban direbobin da ke girmama shi, yana cewa "A yi haƙuri, Baba." A mako na uku haushi ya ishi Baba Idirisu. Ya kama ƙarfen ƙofa, ya miƙe tsaye, ya dangwala yatsa inda shingen tukunya zai zauna. Ruwaida ta zagaya bayan motar ta yi kukanta.

Malam Yahuza, kai ne ka jingine sunan da ka shekara arba'in kana ginawa, don tsohon da ba danginka ba ya samu abin yi wa faɗa. Gwani mai ɓoye gwaninta, mun gode. Allah ya huta da kafaɗar nan, ya saka maka da mafificin alheri. Ku kuma masu sana'a, ku koyi duban mai kaya kafin ku dubi kayan.

Yanzu duk Asabar jirgin yana kan hanyar Garki, gargada na jijjiga shi, tukunya ba ta ko gocewa, kuma kuku ba ya barin kowa ya taɓa masa ludayi. Da Baba Idirisu ya ji Malam Yahuza zai bar aiki, sai ya ce gara ya huta, har yau bai iya haɗa kantar girki ba. Da sandarsa ya tako tun daga bakin titi har cikin gareji don ya faɗa masa haka.