Likin tankin ruwa a bayan Anka

Ana idar da sallar asuba muka bar Gummi, ni da abokin sana'ata, da jakar kayan aiki da ƙaramin janareta. Sana'ata likin roba ce: bokiti, jarka, kujera, duk abin da ya fashe. Wannan karon daga wani ƙauye a bayan Anka aka aiko. Tankin rijiyar burtsatsensu ya tsage, mata sun koma ɗiban ruwa a kududdufin da a da ake wanke dutsen zinare. Wanda ya san abin da gubar dalma ta cikin dutsen zinare ta yi wa yaran ƙauyen Dareta ba zai ji wannan ya ce sai mako mai zuwa ba.

An ɗura mu a ƙaramar bas kamar buhunan gero. Muna shiga ƙasar Bukkuyum hira ta mutu. Dawa ta fi tsayin mutum dama da hagu, kowa kuma ya san abin da take iya ɓoyewa a shekarun nan. Direba ba ya duban komai sai motocin da ke tahowa. In aka jima ba a ga ko ɗaya ba sai ya rage gudu, mu kuma mu ƙara salati. Kazar wata tsohuwa ce kaɗai ta samu barci a motar.

A Anka muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an zo. Masu kabu-kabu biyu suka yarda su kai mu, da sharaɗin ana kiran la'asar za su juyo, da mu ko babu mu.

Tsagar ta kai kamu biyu, can kusa da gindin tankin. Na huda ƙarshenta biyu don kada ta ci gaba, na kankare bakinta, na kunna bindigar zafi na narka sandar liki a ciki. Da ya huce na sa farce, sai likin ya ɓare duka kamar ɓawon rogo. Na ƙona guntun sandar, ban ji warin kyandir irin na robar tankin ba. Roba ba ta kamawa sai da jinsinta, ni kuwa cikin gaggawa wata daban na kwaso. Ga azahar ta wuce.

Wata dattijuwa da kowa ke kira Inna tana zaune kusa tun isowarmu. Ta ce, "Ɗana, hwaɗa min gaskiya. In wanga abu ba shi gyaruwa, in san inda zan kai jikokina."

Abokina ne ya nuna murfin tankin. Muka yanko siraran sanduna daga gefensa, tunda jinsinsa ɗaya da tankin, na dasa guntun ragar waya a kan tsagar na bi ta da su. Saura kaɗan in gama sai man janareta ya ƙare. Inna ta kawo garwashi a kasko, na ƙarasa da ƙarfe mai zafi.

Aka saki ruwa cikin tankin. Masu kabu-kabu sun riga sun tada babura, mu kuwa mun zuba wa likin ido har ruwan ya haura shi. Inna ta shafa wurin da tafinta, ta duba, a bushe. Ta ce, "Allah shi yi ma albarka," ta tafi ɗauko tulunta.

A Anka muka kwana, don ba a bin hanyar da yamma. Washegari da hantsi muka iso Gummi lafiya.

Na koyi kada in sake fita aiki ban tambayi irin robar ba. Na kuma daina raina sana'ata, da nake ɗauka ta ceton tsohon bokiti ce kawai. Amma har yau in baƙuwar lamba ta kira ni, sai na yi bisimilla kafin in ɗauka, ina tsoron a ce min tankin ya fara ɗiga.