Attahiru Malamin Dabbobi da Baƙin Ɗan Akuya

Attahirunmu ɗan majema ne. A Ƙofar Dundaye anka haife shi, ya tashi cikin warin bagaruwa da ɗanyar fata. Shi kaɗai a gidan ya wuce makarantar Midil. Daga nan anka tura shi Bom karatun dabbobi, ya dawo Sakkwato da gajeren wando da keke, da bakin da ba ya shakkar kowa.

Shekarar da Arewa ta samu mulkin kai ne gari ya san shi. Awakin unguwar duk jajaye ne, don fatar ja ita fatake ke so, kuma bunsuru guda ke hawansu, na Baba mahaifinsa. Tsoho Illo ke kora su kiwo kullum safe, shekara ashirin, da wannan yake ci da iyalinsa. Kwatsam sai akuyar Kaltume mai ƙosai, ja wur, ta haifi ɗa baƙi ƙirin.

Da hantsi anka taru ƙofar mai unguwa, za a karɓe sandar kiwo daga hannun Illo.

"Wanga tsoho barci shika yi gindin gawo," in ji Kaltume. "Baƙin bunsurun ƙauye ya zo ya yi abin da ya ga dama."

"Wallahi Kaltume, ko ƙuda bai taɓa akuyarki ban gani ba."

"To ni na haife shi ke nan?"

Ana cikin dariya Attahiru ya jingine kekensa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya roƙi jan goro biyu wurin mai unguwa, ya tsinto gawayi biyu a bakin maƙera.

"Ranka ya daɗe, cikin jikin kowace dabba akwai wasu zaruruwa ƙanana, na gan su da idona a madubin makaranta mai ƙara girman abu. Biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma su ke ɗauke da launi. In ja ya haɗu da baƙi, ja ke rufe shi. Sai ka ga akuya ja, alhali baƙi na ɓoye cikinta."

Ya danƙa wa Kaltume goro a hannu guda, gawayi a ɗayan. Ya yi wa Baba, da ke zaune cikin taron, haka nan.

"Inna, riƙe wa akuyarki. Baba, yi haƙuri, riƙe wa bunsurunka. Kowa ya juya bayansa ya cakuɗa, ya buɗe hannu guda."

Sunka buɗe, goro da goro. Ya ce ja. Sunka sake, goro da gawayi. Ya ce har yanzu ja. Sai a karo na biyar gawayi ya fito hannun Kaltume, gawayi hannun Baba.

Mai unguwa ya gyara zama. "Wato uwa ita kaɗai ba ta iya ba da baƙi?"

"Ba ta iyawa. Sai uban ma ya bayar."

Ido duk ya koma kan Baba.

"Kai, yaro! Ka san bunsurun wa kake magana?"

Attahiru bai sunkuyar da kai ba. "Na sani, Baba. Kakarsa ba baƙar nan ba ce da ka kawo daga Gwadabawa ina Midil? Ni nike ba ta dusa in na zo hutu."

Baba ya daɗe yana kallon gawayin da ke tafinsa, ya yar, ya goge hannu a riga. "Ita ce," ya ce, ya tashi ya tafi.

Washegari Attahiru da kansa ya dandaƙe bunsurun, ya samo wa unguwa wani. Sati guda Baba bai amsa gaisuwarsa ba. Illo kuwa sandarsa ba ta bar hannunsa ba, shi ya ci gaba da kora awakin Ƙofar Dundaye har ƙafa ta gaza masa.