Burabiskon da Na Binne a Bayan Gida

Edita, shekara biyu da suka wuce in ka shigo unguwar Bako a Yola ka tambayi yaron da ya fi kowa surutu, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka ƙofar gidanmu. Goggona takan ce ranar da aka haife ni ba kuka na yi ba, gardama na fara da ungozoma. Ina sakandare a lokacin, kuma ban taɓa zuwa na ƙarshe a aji ba, don akwai wani bawan Allah da ya riƙe wurin nan da hannu biyu ya hana kowa. Abu ɗaya ne na iya ban da ba mutane dariya, shi ne damben Turawa, wanda ake yi da safar hannu a fili da aka kewaye da igiya. Wani tsohon Saje da ya dawo daga yaƙi ne yake koya mana da yamma a Jimeta, a gindin wata bishiya kusa da bakin kogi. Kullum in an tashi makaranta sai in hau keken Hammana, wato yayana, in nufi can.

Salona duk a ƙafa yake. Ba na tsayawa a doke ni. In shiga, in taɓa hancin mutum, in fita, in zagaya bayansa, har in tambaye shi lafiyar gida kafin ya juyo. Shi ya sa aka sa mini suna Sauro. Saje yakan ce da irin Hausarsa ta bariki, ƙafa ita ne bindigana, kuma bindiga ba ya tashi sai da harsashi, harsashin kuwa tuwo ne. Mukan yi dariya. A nan na haɗu da abokina, ɗan Barebari, babansa yana sayar da huluna da turare a kasuwar Jimeta, gidansu a unguwar Alkalawa a nan Jimeta. Shi salonsa daban ne. Tafiya yake gaba kawai, kamar jirgin ruwan da ke zuwa da damina. Ka doke shi ya matso, ka ƙara ya ƙara matsowa, in hannunsa na dama ya same ka sau ɗaya sai ka tuna sunayen kakanninka har da waɗanda ba a gaya maka ba.

Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun ranar farko ya dube ni ya ce ashe Saje har bayinsu yake koya wa dambe. Na ce masa bawa bai isa ya yi magana ubangidansa na tsaye ba. Daga ranar ban ƙara jin sunana na yanka a bakinsa ba, sai bawana, ni ma haka nake kiransa. Yola da nisa, don haka a gidansu nake cin abinci kafin mu tafi wurin Saje. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Iya, takan zubo mana burabisko da miya a langa ɗaya, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana cewa a ci a bar wa Bafillace saura, in ya ƙoshi zai manta da iyayen gidansa. Amma kullum naman ɓangarena take turowa.

Rannan Saje ya tara mu ya ce za a yi wasannin matasa na jiha a Maiduguri, kuma za a zaɓi waɗanda za su wakilci lardinmu. Ni ko Gombi ban taɓa wucewa ba. Ya ce a damben Turawa ba a haɗa mutane sai nauyinsu ya zo ɗaya, kuma kowane rukuni mutum ɗaya za a ɗauka. Aka kai mu wurin masu awon gyaɗa a bakin kogi, aka riƙa ɗora mu a sikeli kamar buhuna. Ni da abokina muka faɗa rukuni ɗaya. Ma'ana sai ɗayanmu ya doke ɗaya a gaban jama'a, mai nasara ya hau mota, ɗayan ya tsaya yana ɗaga hannu. Abokina ya yi dariya ya ce in fara yi wa haƙorana ban kwana. Na ce ya tanadi mai ɗaukarsa. Amma a hanyar komawa gida keken nan ya yi mini nauyi kamar na goya saniya.

A kan keken dabara ta zo mini. Rukunin da ke ƙasa da namu babu wani gwani a ciki, in ban da wani yaro da ake cewa zai zo daga Numan. In na rage nauyi na sauka can, ba sai mun kara ba, mu biyu za mu hau motar Maiduguri. Ina so in ce ƙauna ce zalla ta sa ni, amma tunda na zauna rubuta gaskiya, rabi ƙauna ce, rabi tsoron hannun nan nasa na dama. Rabin na biyu ne ya rufe mini baki. In na gaya masa zai ce bawansa ya tsorata, in kuma bai ce haka ba zai iya janyewa ya bar mini wurin, wanda ya fi zagi ciwo. Saje kuwa ya taɓa cewa duk yaron da ya kama yana zama da yunwa don sikeli zai kore shi. Saboda haka ban gaya wa kowa ba.

A gida sai in ce na ci a Jimeta, a Jimeta in ce na ci a gida. A baki, babu wanda ya kai ni ƙoshi a duk lardin Adamawa. Bazara ce, lokacin da ko ƙadangare a Jimeta sai ya nemi inuwa. Ni kuwa sai in sa buhu a cikin riga, in ɗora tsohuwar rigar ruwan babana, in bi hanyar gona ina gudu da tsakar rana. Na daina shan ruwa sai ɗan kurɓi. Ina yawo da gwangwanin madara ina tofa yawu a ciki kamar tsoho mai cin taba, don wani ya taɓa cewa yawu ma nauyi ne. Har ganyen filasko na jiƙa na sha, wanda ya sa ni da bayan gida muka zama aminai na ƙut da ƙut. Wandona ya fara neman hanyar ƙasa da kansa. Na rame har in iska ta taso sai Dadata, mahaifiyata, ta dubi inda nake tsaye ta tabbatar ina nan.

Abin da ban sani ba shi ne, wanda ya bar kwano ya bar mutane. Duk hira a bakin abinci ake yin ta. A gida in an shimfiɗa tabarma sai in zame in koma bayan rumbu ina jin ƙarar hannuwa a kwano da dariyar ƙannena. A Alkalawa na daina shiga, sai in tsaya a bakin titi in buga ƙararrawar keke. Ko barkwancin ma ya ƙafe, don busasshen harshe ba ya wasa. Da yamma in zauna ni kaɗai a kan yashi ina kallon kogi, ruwa iya ganin ido, ni kuwa ina ƙirga kurɓi. Abokina ya tambaye ni ko an yi mini wani abu a gidansu, na ce babu. Ya tambaya ko Iya ce ta faɗi abin da bai yi mini daɗi ba, na ce a'a. Muka tafi.

Ana sauran 'yan kwanaki a yi zaɓen, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga abokina a ƙofar gidanmu a kan keke, gumi ya jiƙe masa riga, da langa ɗaure a cikin ƙyalle. Tun daga Jimeta ya tuƙo. Ya ce Iya ta ce ta ga na lalace, ta yi mini burabisko da kifi, in cinye in mayar mata da kwanonta. Na karɓa, na ce zan ci in rana ta yi sanyi. Da ya tafi na buɗe. In na ci, wahalar da na sha ta tafi a banza. In na ba ƙannena, Dada za ta tambayi dalili. In na ajiye a ɗaki, na san kaina, kafin magariba zan lashe har fentin langar. Sai na ɗauki fartanya na zaga bayan gidanmu, na tona rami, na juye, na fara mayar da ƙasa.

Ina cikin tattakewa da ƙafa na ji motsi. Ashe tayar keken abokina ce ta sace a bakin unguwa, ya dawo aron famfo, ƙanwata ta ce masa ina baya. Kowa a ƙasar nan ya san irin abincin da ake binnewa. Ba a binne wanda ya lalace, kaji ake ba. Wanda ake zargin an sa sammu a ciki shi ake tona wa rami, don kada ko kare ya ci.

Ya dubi ramin, ya dubi langar a hannuna, ya ce, "Abincin uwata ne wannan?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Magana ɗaya ce, ko jimla biyu ba ta kai ba. Amma bakina ya saba da hanya ɗaya, sai ya bi ta. Na yi yaƙe na ce abincin Barebari ai sai an gwada shi a kan ƙasa tukuna, in ba ta mutu ba sannan mutum ya ci. Na jira ya rama kamar kullum. Bai rama ba. Ya kira ni da sunana na yanka, cikakke, har da na babana, kamar malami mai kiran rajista, ya ce Allah ya ba da sa'a ranar wasa. Ya tura kekensa da tayar da ta sace ya tafi, ko famfon bai karɓa ba.

Ranar zaɓe na hau sikeli, allura ta tsaya inda nake so. Saje ya daɗe yana kallona. Na yi zaton da abokina ya ji an kira ni a rukunin ƙasa zai gane komai. Amma maganar binne abincin ta riga ta zagaya, sai yara suka ce ai ga shi nan, Sauro ya gudu daga asirin Barebari. Abokina ya juya mini baya yana ɗaure takalmi.

Aka sa ni da yaron Numan. Turmin farko na ɗan yi rawata, na taɓa shi sau biyu ko uku. Da aka kaɗa ƙararrawa ta biyu sai na aika wa ƙafafuna saƙo su matsa hagu, suka ce ba sa nan. Na tsaya cak a gabansa kamar turken awaki. Mai salo irin nawa in ya tsaya ya zama buhun horo. Igiya ta zama huɗu, yaron ya zama biyu, duka biyun kuma suna duka. Masu kallo sun ce naushin da ya kayar da ni ko ƙuda ba zai kashe ba. Ni dai na farka a asibiti da allura a hannu ana ƙara mini ruwa, Dada na kuka, likita na faɗa yana cewa saura kaɗan ƙodata ta tafi hutun da ba dawowa.

Kwana biyu bayan nan sai ga Iya ta shigo da kwanon kunun gyaɗa. Ta gaisa da Dada, ta zauna a bakin gado. Ba ta ce a bar wa Bafillace saura ba. Ta ɗebo da ludayi, ta kai bakinta ta sha a gabana, ta haɗiye, ta jira kaɗan, sannan ta miƙo mini. Duk dukan da na sha a fili bai kai wannan ba. Na fashe da kuka na gaya mata komai, har da buhu da gwangwani da tsoron. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ni uwa ce, na yafe tun kafin in taso. Amma shi ne ya tuƙa keke a rana. Shi za ka gaya wa da bakinka, ba ni zan kai masa ba."

Na ce to, in na warke. Da na warke ya riga ya tafi Maiduguri, shi ya ci rukuninmu. Na ce in ya dawo. Da ya dawo na je har bakin titinsu sau da yawa, in kai hannu kan ƙararrawar keke in kasa bugawa, in juya. Na ce bayan Sallah. Bayan Sallah na tarar da wasu mutane a gidan, suka ce maigidan ya kwashe iyalinsa ya koma Barno, ba su san wane gari ba.

Yanzu na koma wurin Saje, bayan ya sa ni tsallen kwaɗo har na ga taurari da rana. Ina cin tuwo kamar mai biyan bashi, ƙafafuna sun dawo, ina dambe a rukunin da Allah ya ajiye ni. Har yanzu ina ba mutane dariya. Amma in an tashi kowa ya kama hanya da abokin tafiyarsa, ni da keke muke komawa Yola.

'Yan'uwana matasa masu wannan wasa, kada ku yi faɗa da cikinku don ku burge sikeli. Jikin da ke girma ba a yi masa rowa, kuma ƙarfin da ka zubar a hanya ba za ka tarar da shi a fili ba. In nauyinka ya haɗa ka da wanda ba ka so ka kara da shi, je ka gaya wa mai koya maka, ka gaya wa shi mutumin. Da na bari abokina ya fasa mini hanci, da yamma muna cin abinci a kwano ɗaya yana yi mini dariya. Ku kuma masu baki irin nawa, ku sani akwai lokacin da wasa ba ya karɓar wasa.

Langar Iya tana nan a ɗakina, na wanke ta na kife. Na ji an ce mujallar nan tana kaiwa har Barno. In ta faɗa hannun wani ɗan mai huluna da ke da hannun dama kamar taɓarya, to ya sani ban taɓa zargin tukunyar uwarsa ba, yunwa da wauta ne kawai. Ba na neman ya yabe ni. Ya aiko a gaya mini cewa ni bawansa ne, ya ishe ni.