Gam a Farcen Bakanike

A garejin bakin tashar Ƙaura Namoda, wani dattijon bakanike mai tabon ƙuna a hannu yana duƙe kan injin ƙaramar mota. Jiya ya gyara mata kan silinda, yau kamshaf, ƙarfen da ke juyawa a saman injin, ya cije, ko da sifana ba ya juyawa. Fasinjojinta masu zuwa Shinkafi sai duban rana suke, don bayan la'asar ba mai bin hanyar.

Direban ya ce, "Baba, za mu tashi yau kuwa?"

Dattijon ya zura yatsa a ramin da baƙin mai ke hawowa, ya zaro shi a bushe, da gam a farce. Ashe jiya tsohon gasket, shimfiɗar da ke hana mai yoyo, ya liƙa da gam, tunda sabo sai Gusau; gam ɗin ne ya tare hanyar mai.

Ya ce wa direban, "Ni na toshe shi, ɗana. Ku nemi wata motar."

Motar ƙarshe kuwa ta tashi tun azahar.