Tuwon Magaryar da Ya Raya Auta

Shekaranjiya da hantsi wata tsohuwa mai talla ta yi sallama a gidana, ta sauke ƙwarya cike da busasshiyar magarya. Ban yi niyyar saye ba. Amma da ta ɗaga faifan da ta rufe ƙwaryar da shi, ƙamshin ya bugo ni, ƙamshin nan mai zaƙi da ɗan tsami na magaryar da ta sha rana. Na jawo kujera na zauna. Matar ta ce, "Lafiya dai, Hajiya?" Na ce lafiya lau. Ta yaya zan gaya mata cewa ƙwaryarta ta mayar da ni wani ƙauye kusa da Wagini, shekarar da ruwa ya ƙi sauka, ina 'yar shekara tara?

Ka yi haƙuri da ni, mai karatu. Maganar kayan zaƙi zan yi maka, amma labarin ba shi da zaƙi.

Mu biyar ne a gidanmu: Baba, Inna, Kaka wadda ta haifi Baba, ni, sai ƙanwata da kowa ke kira Auta. Tsakanina da ita an haifi biyu, duk sun koma tun suna goye, shi ya sa ko tari Auta ta yi sai ka ga Inna ta zabura ta ɗauke ta. Kaka kuwa a bakin daji ta taso, can wajen Runka, a gidan da ba a salla, sai da girmanta ta musulunta. Carbi ba ya rabuwa da hannunta, amma abin da ta koya wurin iyayenta na sanin itatuwa bai bar kanta ba. Ta san wanda ake ci, ta san wanda ke kisa, ta san wanda sai an jiƙa shi kwana uku kafin ya saki ɗacinsa.

A shekarar, ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Fulanin da ke maƙwabtaka da mu suka kaɗa abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu, rugar ta zama kufai. Kafin bazara ta shigo rumbunmu ya koma wurin kwanan ɓeraye, su ma daga baya suka gudu. Muka ci dusa, muka ci tafasa da rama har suka ƙare. Abu ɗaya ya rage a gidan mai sunan hatsi: tulun geron iri da Baba ya liƙe bakinsa da laka ya ajiye a ƙuryar ɗakinsa. Ko kallonsa ba a yarda mu yi ba.

Sai aka ce motar taimako ta iso Batsari, babban garin da ke kusa da mu. Baba ya ɗaura wa jaki akumari tun da asuba ya tafi, ya dawo da yamma da garin alkama da garin madara. Ban manta farin garin nan ba, sumul kamar toka a tafin hannu. Inna ta dama kunu, ta zuba madara a kai, muka sha har muna lashe ludayi. Ranar aka yi dariya a gidanmu, abin da aka daɗe ba a yi ba. Auta, wadda ba ta fi shekara uku ba, ta sha ta ƙara.

Washegari cikinta ya kumbura kamar ganga, gudawa ta ɓalle mata. Aka ce ai cikin ne ya daɗe bai ga abinci ba, zai saba. Bai saba ba. Mu muna sha muna ɗan murmurewa, ita tana sha tana zubewa. Ƙuraje suka feso mata a gwiwa da gwiwar hannu, gashinta ya yi ja, ya yi laushi kamar na jariri. Yarinyar da ke bin kaji da gudu a tsakar gida ta daina tafiya, daga baya ta daina zama. Aka karɓo rubutu wurin malam, aka jiƙa sassaƙe. Baba ya aza ta a kan jaki ya kai ta wurin malamin asibiti, ya haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ya ce a yi ta ba ta, kuma a dage da abinci. To, wane abinci? Abincin da ke gidan ke nan, kunun alkama da madara.

Kaka ce ta gano. Ba ta cika magana ba, amma idonta ba ya barci. Ta lura duk ranar da Auta ta ƙi kunun, ta wuni tana tsotsar goruba, cikin yakan ɗan lafa. Wata safiya Inna ta ɗauko ludayi za ta ɗura mata, Kaka ta riƙe hannunta.

"Kada ki ƙara ba ta wanga abu. Shi ne ke kashe ta."

Inna ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukarta ba, sai ranar. Ta ce, "To Iya, mi zan ba ta? Ƙasa zan ɗiba in ba ta?" Ta fashe da kuka, ludayin ya faɗi.

Kaka ta miƙe. Ta ɗaura ɗan zanenta a ƙugu, ta ɗauki gora mai ƙugiya, ta miƙo mani ƙwarya, ta ce, "Taso, 'yar nan."

Itatuwan kusa da gari duk an tsige su tas, don ba mu kaɗai ke jin yunwa ba. Muka yi ta tafiya yamma, wajen bakin daji, har rana ta take tsaka, yashi yana ƙona mana tafin ƙafa. Lokacin magarya ya riga ya wuce, sai wadda ta zube ta bushe a can ƙarƙashin ƙaya, inda awaki suka kasa shiga. Nan Kaka, tsohuwa mai ciwon baya, ta kwanta rub da ciki tana kutsawa, tana tsinto ta ɗaya-ɗaya daga cikin yashi. Ni ma na shiga. Ƙayar magarya lanƙwasasshiya ce, in ta kama ka ba ta saki sai da fata. Muka sami ɗorawa guda da sauran 'ya'ya a can ƙololuwa, Kaka ta yi ta fama da gora har wuyanta ya ƙage. Muka jefo goruba da dutse. Da muka iso gida gab da magariba, abin da muka samo bai cika ƙwarya ba, hannuwanmu kuwa duk jini.

Da safe Kaka ta zuba magaryar a turmi ta daka a hankali don kada ƙwallon ya fashe, ta tankaɗe da rariya, gari ja-ja ya fito. Ta ɓare ɗorawa ta karkaɗe garinta mai ruwan ƙwai. Mutanenmu sun saba cura garin magarya su yi abin da muke kira tuwon magarya, wasu su ce akuri, amma wannan abin marmari ne na yara, ba wanda ke ɗaukarsa abinci. Kaka ta kwaɓa kaɗan da ruwa ta sa wa Auta a baki. Auta ta haɗiye, can ta amayar. Kaka ta dubi garin, sannan ta ce ɗanye ne ya yi mata nauyi, sai ya ga wuta, kuma sai an sa masa abin da zai riƙe ciki. Ta miƙe ta nufi ƙofar ɗakin Baba.

"Buɗe mani tulun nan."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Iya, iri ne. In muka ci shi, ko ruwa ya sauka mi za mu shuka? Mu duka za mu mutu baɗi."

Ta ce, "Baɗi na hannun Allah. Ɗiyarka ba za ta kai Juma'a ba. Tafin hannu ɗaya nake so kullum."

Baba ya juya ya dubi ƙofar ɗakin. Daga nan ya shiga, muka ji ƙarar fasa laka. Ya fito da gero a tafin hannunsa, ya zuba mata a faifai, ya fice daga gidan bai dubi kowa ba.

Kaka ta niƙa geron a dutse har ya yi laushi, ta haɗa da garin magarya da na ɗorawa, ta kankaro bayan goruba ta jiƙa, ta kwaɓa da ruwan. Ba mai, ba sukari, ba ko ɗigon nono. Ta shimfiɗa ganyen kalgo a cikin kasko, ta cura ƙanana guda biyu kamar waina ta jera, ta kife wani kaskon a kai, ta zuba garwashi ƙasa da sama. Ba a daɗe ba ƙamshi ya cika gidan, ƙamshin da ban taɓa jin irinsa ba, kamar zuma ta zuba a wuta. Yaran maƙwabta suka zo suka tsaya a jikin danga, suna leƙe. Da ta buɗe, bayansa ya yi ja ya ɗan ƙame, cikinsa laushi. Ta gutsuro ta hura, ta sa wa Auta. Muka zuba ido. Ya zauna mata a ciki. Ta buɗe baki tana neman ƙari.

Haka muka yi ta yi. Yau daji, gobe gashi. Cikin Auta ya fara sacewa, gudawar ta tsaya, ranar nan har ta zauna da kanta ta jingina da turmi.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mani nauyi. Wata rana rijiyarmu ta ƙafe, Inna da Kaka suka tafi neman ruwa nesa, suka bar ni da Auta da gasassun nan guda biyu a cikin akushi. Ni kullum ƙaya ke yagata saboda su, kullum ƙamshinsu nake sha, ban taɓa ɗanɗanawa ba. Na ce bari in ɗan gutsuri gefe. Ban san lokacin da na cinye duka biyun ba. Auta ta fara kukan yunwa. Tsoro ya kama ni, na ɗauko ragowar kununa na alkama da madara na ba ta, ta shanye tas, har tana yi mani murmushi.

Kafin la'asar Auta ta koma yadda take a da, har ta fi. Idanunta suka faɗa, wuyanta ya saki. Inna ta rungume ta tana cewa, "Ga shi nan, an ɓata iri a banza, an hana ta abinci, yunwa za ta kashe mani ita." Ta tashi za ta dama mata kunun. Kaka kanta na ga ta yi sanyi, tana juya carbi, tana shakkar abin da ta gani da idonta. Na san in na yi shiru za a ɗura mata abin da zai ƙarasa ta. Sai na matso gabansu na ce:

"Ni na cinye nata. Na ba ta kununa."

Na rufe ido ina jiran duka. Ba wanda ya taɓa ni. Sai na ji Kaka ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi. To, yanzu mun tabbata."

Kwana uku Auta tana tsakanin rai da mutuwa, ana ɗiga mata ruwan gishiri da sukari da tsinken kara. Kwana ukun nan Inna ba ta dube ni ba, kuma da ta doke ni da ya fi mani sauƙi. A rana ta huɗu yarinyar ta miƙa hannu wajen akushi. Da Kaka ta buɗe kasko ranar, sai na ga guda uku. Ta ɗauki ɗaya ta sa mani a hannu, ta ce, "Ci. Ke ma yarinya ce, mu ne muka manta."

Ruwa ya sauka daga ƙarshe. Irin da ya rage a tulu rabin gona kawai ya isa, sauran Baba ya cike da waken da ƙanwarsa ta aiko daga Karare. Auta ta taka da ƙafarta ta fita cikin ruwan farko tana dariya. Kaka ce ba ta ci tumun shekarar ba, ta rasu kafin gero ya nuna. Sai bayan ta kwanta ciwo Inna ta gane cewa tsohuwar ta daɗe tana juye rabonta na kunu a cikin ƙwaryata, tana cewa ta ƙoshi.

Yau Auta tana nan da ranta, har da jikoki, kuma har yanzu ba ta cin burodi ko taliya, ba ta shan fura da nono. Wani likita a birni ya gaya mata sunan ciwon da Turanci. 'Yata ma ta nuna mani a waya yadda masu hali ke gasa kayan zaƙi na 'ya'yan itace, ba alkama ba madara, a cikin murhun lantarki, ana yayinsu kamar sabon abu. Na duba kawai na miƙa mata wayarta.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne dajin. A wancan lokaci, duk tsananin da aka shiga, tsohuwa da jikarta suna iya shiga su fito da abin da zai raya yaro. Yanzu 'yan bindiga ne a ciki, ba macen da za ta doshi bakinsa da ƙwarya. Ƙauyenmu ya watse, Auta da iyalinta suna raɓe a ɗaki ɗaya cikin garin Batsari. Nakan tambayi kaina, in akwai wata uwa yau mai ɗiya irin tamu, ina za ta nufa?

Kwanan baya na kira Auta a waya, muka gaisa, na tambayi yara da zaman haƙuri. Sai na ce mata, ko tana tuna shekarar yunwa? Ta yi dariya ta ce, "Wace yunwa, Yaya? Ni dai abin da na riƙe, akwai wata shekara da Kaka ke gasa mani wani abu mai daɗi kullum, ni kaɗai. Ban taɓa jin gata irin na shekarar nan ba."

Na ce mata, "Haka ne, Auta. An yi haka."